Masu tara hasken taurari

Darasi domin ƴan aji biyar da aji shida

1. Ku ɗaga kai

Yara, idan damina ta yi ban kwana, wajen ƙarshen watan Oktoba, kafin hunturu ya taso da hazonsa, ku fito tsakar gida bayan sallar lisha ku ɗaga kai sama. A duk shekara babu lokacin da sararin sama yake wankuwa a ƙasarmu kamar wannan. Ruwa ya kwantar da ƙura, gajimare ya ja da baya, taurari sun bazu kamar an shanya farar shinkafa a kan baƙar tabarma.

Akwai waɗanda kuka riga kuka sani. Kun san Zara, wadda ake ce wa matar wata, mai fitowa a yamma bayan faɗuwar rana. Kun san Gamzaki, wanda masunta da masu sammako zuwa gona suke gani a gabas da asuba. Masana sun tabbatar cewa Zara da Gamzaki abu ɗaya ne. Wata duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, wasu watanni ta fito da yamma, wasu watanni ta fito da asuba. Da Faransanci sunanta Vénus.

Yanzu ku juya gabas. Za ku ga wasu ƙananan taurari sun taru wuri ɗaya, sun matsu da juna. Ita ce Kaza da ƴaƴanta. Ku ƙirga su. Yawancin mutane suna samun shida, mai kaifin ido ya samu bakwai ko ya ɗara kaɗan. Na sha yin wannan tambaya a makarantun da nake zagayawa, kuma kullum sai gardama ta kaure tsakanin ƴan shida da ƴan bakwai. Amma in aka nuna muku hoton Kaza wanda masana suka ɗauka, za ku ga taurari barkatai, ɗaruruwa. An ƙirga fiye da 1,000 a cikin wannan taro kaɗai.

To, ina sauran suke ɓuya sa'ad da muke duba da ido? Yaya aka yi hoto ya kamo su?

2. Tafin hannu da daro

Ku tuna ranar da ake yayyafi. Idan ka miƙa tafin hannunka waje ka janye shi nan da nan, ɗigo biyu ko uku za ka samu, ba su isa ko jiƙa leɓe ba. Idan kuwa inna ta ajiye daro a tsakar gida ta bar shi ya kwana, da safe za a tarar da ruwa a ciki. Yayyafin ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne faɗin bakin daro da daɗewar da ya yi a waje.

Hasken taurari masu nisa kamar yayyafi yake zuwa mana, kaɗan-kaɗan. Idon mutum kuwa kamar tafin hannu ne. Ƙofar da haske yake shiga ta cikinta, wato ɗan baƙin nan na tsakiyar ido, ko a cikin duhu faɗinta ba ya wuce milimita 7 ko makamancin haka. Ku duba wannan a jikin ma'aunin layinku ku ga ƙanƙantarsa. Bayan haka ido ba ya ajiya. Hasken da ya shigo yanzu ya wuce, wanda zai shigo an jima ba ya tarar da shi. Ko ka kwana kana kallon Kaza, ƴaƴanta ba za su ƙaru ba.

Na'urar ɗaukar hoto, wato kyamara, ita ce daron. Tana da ƴar ƙofa wadda take buɗewa ta rufe. Da rana, in za a ɗauki hoton ɗalibai, ƙofar takan buɗe ta rufe kafin ƙiftawar ido, domin haske ya yi yawa. Da dare sai a bar ta a buɗe: minti ɗaya, minti goma, awa guda, wani lokaci dare sukutum. Haske yana ta ɗiga a wuri ɗaya yana taruwa, har tauraron da ido bai taɓa gani ba ya bayyana.

Wannan ya ba mu daɗewa. Saura faɗin baki. Domin shi ne ake ƙera madubin hangen nesa. Mutane da yawa suna zato aikinsa ƙara girman abu ne kawai, alhali babban aikinsa tara haske ne. A cikinsa akwai madubi mai lotsawa kamar ƙwarya, wanda yake tattara duk hasken da ya faɗo masa ya aika da shi cikin kyamara. A Afirka ta Kudu, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Sutherland, akwai wani da ake kira SALT, wanda aka buɗe a 2005. Faɗin madubinsa ya kai wajen mita 11, ya fi tsawon yawancin azuzuwa. Ba a iya zuba shi guda ɗaya ba, sai aka haɗa ƙananan madubai 91, kowane mai kusurwa shida, aka jera su kamar saƙar zuma.

3. Abin da ya faru a 1882

Karo na farko da aka ɗauki hoton wani tauraro na dare a 1850 ne, a Amurka. Tauraron sunansa Vega, yana cikin mafiya haske, duk da haka sai da aka bar ƙofar kyamara a buɗe fiye da minti ɗaya da rabi. Amma labarin da nake so ku riƙe a nan Afirka ya faru.

A watan Satumba na 1882 wani babban tauraro mai wutsiya ya bayyana. Don tsabar haskensa har da rana tsaka an gan shi kusa da rana. A lokacin wani masani mai suna David Gill shi ne shugaban gidan nazarin taurari na birnin Kap, a can ƙarshen kudancin Afirka. Yana so ya samu hoton wannan baƙo, amma ba shi da kyamarar da ta dace. Sai ya nemi taimakon wani mai hoto na gari, irin wanda yake ɗaukar mutane. Suka ɗaure kyamararsa a jikin madubin hangen nesa, suka saita ta, suka bar ta a buɗe, wani dare fiye da awa ɗaya.

Da aka wanke hoton, tauraro mai wutsiya ya fito sarai. Abin da ya ba Gill mamaki shi ne abin da yake bayansa: taurari birjik, ba iyaka, waɗanda bai nema ba. Kafin wannan lokaci masani yakan zauna ne da ido da alƙalami, ya auna tauraro ɗaya ya rubuta, ya koma kan na biyu, har tsufa ya cim masa. Gill ya ga cewa hoto ɗaya zai yi aikin watanni. Daga 1885 ya shiga ɗaukar sararin sama na kudu yanki-yanki, yana aika hotunan ƙasar Holan wurin wani masani mai suna Kapteyn, shi kuma yana aunawa yana ƙirgawa. Da suka gama, a 1900, sun rubuta matsayin taurari fiye da 450,000.

4. Me ya sa ake hawa dutse?

Garinmu Malanville a kwance yake a bakin kogin Isa, wanda wasu suke kira Kwara. Wurin yana da kyau ga shinkafa da albasa da kifi. Ga mai ɗaukar hoton taurari kuwa yana da matsaloli, kuma duk kun san su ko da ba ku lura ba.

Na farko ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kwaso ƙurar Sahara ta rufe mu da ita. Akwai ranakun da mutum yana tsaye a wannan gaɓa ba ya hango ta wajen Gaya da kyau. Abin da ya hana ka ganin ƙetaren kogi, ina zai bar ka ka ga tauraro maras ƙarfi? Da damina kuma gajimare ne, ga raɓa da tururin da yake tashi daga kogi da fadamu.

Akwai wata matsalar da ta fi waɗannan ɓoyuwa. Kun lura taurari suna ƙifce kamar ana hura fitila? Tauraron ba ya motsi, iskar da take tsakaninmu da shi ce take rawa. Ku gwada a aji: ku saka tsabar kuɗi a gindin daro, ku cika shi da ruwa, ku bari ya kwanta. Za ku iya karanta lambar da take jikin kuɗin. Sai ɗayanku ya kaɗa ruwan da yatsa. Kuɗin yana nan inda yake, amma lambar ta dagule. Mu ma a gindin wani babban daro muke zaune, daron iska, kuma iskar ba ta taɓa kwanciya ɗungum.

Wanda ya hau dogon dutse ya bar yawancin ƙura da tururi a ƙarƙashinsa, iskar da ta rage a kansa kuma ta ragu. Ya kuma yi nisa da fitilun birni, waɗanda haskensu yake tashi sama ya dushe taurari, kamar yadda ba a ganin hasken ashana a gaban wutar daji.

Shi ya sa manyan gidajen nazarin taurari suke kan duwatsu. Na Sutherland yana wajen mita 1,800 sama da teku, a cikin busasshiyar ƙasa. A Maroko, kudu da birnin Marakesh, akwai na Oukaïmeden a kan duwatsun Atlas, mita 2,750. Wanda yake tsaye can ya bar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na iskar duniya a ƙarƙashin ƙafarsa. A Habasha akwai na Entoto kusa da Adis Ababa, wajen mita 3,200. A Faransa akwai Pic du Midi, mita 2,877. A ƙasar Cile, a Amurka ta Kudu, akwai wani sabo mai suna Rubin, wanda kyamararsa ta kai girman ƙaramar mota. A watan Yuni na 2025 aka nuna wa duniya hotunansa na farko. Ku kwatanta da namu duwatsun: Sokbaro, a yammacin Benin, mita 658 ne. A Nijar, dutsen Bagzam na ƙasar Abzin ya kai mita 2,022.

Zama a kan dutse ba wasa ba ne. Akwai sanyi mai shiga ƙashi, a Oukaïmeden har ƙanƙara take rufe ƙasa. Ana barci da rana, a yi aiki da dare. Ga kuma wata wahala: duniya tana juyawa. Saboda haka taurari suke fitowa a gabas su faɗi a yamma kamar rana. Idan aka bar kyamara a tsaye awa guda, kowane tauraro zai ja layi a kan hoton maimakon ya zama ɗigo. Dole madubin ya riƙa bin tauraro sannu a hankali, da wani inji mai tafiya kamar agogo. A da, sai mutum ya manna idonsa a jikin na'ura dare sukutum yana gyara saiti, ba ya ko iya tashi ya sha ruwa.

Ɗaya daga cikin gwanayen wannan aiki shi ne Milton Humason. Sa'ad da ake gina gidan nazarin taurari na dutsen Wilson a Amurka, shi mai korar alfadarai ne, yana hawa da kayan gini. A 1917 aka ɗauke shi mai shara. Yana shara yana kallo yana tambaya, har masana suka ga hannunsa ya fi na kowa natsuwa, suka ba shi madubi. Wasu hotunan nasa sai ya yi darare da dama yana tara wa hoto ɗaya haske. Tun yana yaro ya bar makaranta, amma kada wani ya je gida ya ce littafi ya ce a bar lakwal: lissafin da ya guje wa sai da ya koma ya koye shi da girmansa.

Yau kwamfuta ce take bin taurari. Har ma mutum yana iya zama nesa ya sarrafa madubi ta intanet. A 2011 wata mata mai suna Claudine Rinner, tana zaune a Faransa, ta gano sabon tauraro mai wutsiya da madubin da yake kan dutsen Oukaïmeden, aka sa masa sunanta.

5. Biranen taurari da tsohon haske

A daren da babu wata, daga Agusta zuwa Oktoba, za ku ga wani farin abu ya ratsa sama kamar hayaƙi ko hanyar shanu. Faransawa suna ce masa Voie lactée. A 1610 Galileo, mutumin Italiya, ya duba shi da ƙaramin madubinsa ya ga ashe taurari ne suka yi yawa har haskensu ya gauraye. Idan Kaza da ƴaƴanta gida ɗaya ce, wannan birni ne, birnin taurari, kuma a cikinsa muke. Ranarmu tauraro ɗaya ce daga cikin fiye da miliyan dubu ɗari da suke cikinsa. Kusanci ne kawai ya sa ta fi sauran haske.

Akwai wasu biranen? A watan Nuwamba, wajen ƙarfe tara na dare, a sama sosai ta wajen arewa, mai ido mai kyau a wuri mai duhu zai ga wani ɗan tabo fari, kamar an shafa alli da yatsa a jikin allo. Sunansa Andromeda. Ido ba ya ganin fiye da haka. A 1888 wani Bature na Ingila, Isaac Roberts, ya tara haskensa na sa'o'i a kan hoto, sai ga shi ya fito da naɗi-naɗi kamar faifai da aka karkata. A 1923 Edwin Hubble, a kan dutsen Wilson ɗin nan na su Humason, ya ɗauki hotunansa da madubi mai faɗin mita 2 da rabi, ya rarrabe taurari ɗai-ɗai a ciki, ya auna nisansu. Ya tabbata wani birni ne dabam, can nesa da namu. Yau an san irinsa ba su ƙirguwa.

Nisan nan ba a auna shi da kilomita, lambobin ba za su shiga allo ba. Da tafiyar haske ake auna shi. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, wato zai zagaya duniya fiye da sau 7 kafin ka ce «ɗaya». Daga wata zuwa nan daƙiƙa ɗaya da ƴan kai yake yi. Daga rana, minti 8 da ɗoriya. Daga Sirius, tauraron da ya fi kowane tauraro haske da dare, shekara 8 da rabi: hasken da za ku gani bana ya baro gida kuna ƴan shekara biyu ko uku.

Hasken Kaza da ƴaƴanta kuwa yakan yi wajen shekara 440 a hanya. Ku koma darasin tarihi. A 1591 sojojin Maroko suka ci daular Songai a yaƙin Tondibi, kusa da Gao, Askiyawan da suka ƙi miƙa wuya suka gangaro kudu zuwa ƙasar Dendi, wato wannan yanki namu. Hasken da zai shiga idonku yau da dare daga Kaza, kusan a wancan zamani ya kama hanya. Na Andromeda shekara miliyan 2 da rabi ya yi yana tafe. Ya taso tun babu gari ko ɗaya a duniya, tun ba wanda ya taɓa shuka hatsi.

6. Tauraro mai wutsiya

Wannan shi ne wanda ya fi tsorata mutane. A ƙasar Hausa da Turai da Sin duka, in ya fito akan ce sarki zai mutu, ko yunwa tana tafe, ko yaƙi. Ba na ganin laifin mutanen da. Abu ne ya bayyana ba sallama, da doguwar wutsiya, ya yi makonni, ya ɓace. Amma ku lura, shekarun da aka yi yunwa babu tauraro mai wutsiya sun fi waɗanda aka yi da shi yawa nesa ba kusa ba.

Sunan ma ya ruɗe mu, domin shi ba tauraro ba ne. Dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura da tsakuwa, yana zagaya rana a kan doguwar hanya. Yawancin rayuwarsa yana can nesa cikin sanyi da duhu, ba wanda yake ganinsa. In ya kusato rana sai zafi ya sa ƙanƙarar ta zama tururi, ƙura ta tashi. Haske da iskar da suke fitowa daga rana su tura su baya, su zama wutsiya mai tsawon miliyoyin kilomita. Kullum wutsiyar tana fuskantar nesa da rana, kamar hayaƙin murhu da iska take kaɗawa. Don haka in yana komawa, wutsiyarsa ce take gaba.

Wani masani na Ingila, Edmond Halley, ya duba labaran waɗanda aka gani a 1531 da 1607 da 1682, ya yi lissafi, ya ce ai guda ɗaya ne yake dawowa bayan kowace shekara 76 ko kusa da haka. A 1705 ya rubuta cewa zai dawo wajen 1758. Halley ya mutu a 1742. A ƙarshen 1758 sai ga baƙon ya bayyana, aka sa masa sunansa. Ya sake zuwa a 1835 da 1910 da 1986. A zuwansa na 1986 wani kumbo mai suna Giotto ya matsa kusa da shi ya ɗauki hoton dunƙulen: baƙi ƙirin, mai siffar dankali, tsawonsa wajen kilomita 15. Zai dawo a tsakiyar 2061. A nan lokacin damina ne, sai mu yi fatan gajimare ya ba ku hanya.

Ku tambayi iyayenku ko sun tuna wanda ya fito a watannin Maris da Afrilu na 1997, ana ganinsa bayan magariba. Hale-Bopp ke nan, shi sai bayan fiye da shekara 2,000 zai dawo. A tsakiyar Oktoba na 2024 ma mutane a ƙasashe da yawa sun ga wani a yamma bayan faɗuwar rana. An gano shi tun farkon 2023, yana nesa, a hotunan da aka ɗauka a Sin da kuma a Sutherland. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗauki wuri ɗaya sau da yawa, a kwatanta. Taurari suna nan inda suke kamar garken da ya kwanta, sai a ga ɗigo ɗaya ya gusa.

Kada ku haɗa shi da abin nan da yake gilmawa da gudu a ce tauraro ya faɗi. Wannan ƴar tsakuwa ce, sau da yawa ba ta fi ƙwayar gero ko ta wake ba, ta shigo iskar duniya da gudu ta ƙone. Akwai dararen da suke zubowa da yawa, kamar daren 13 da na 14 ga Disamba. Wani malami na Tumbutu ya ga irin wannan a 1583, ya rubuta labarin a takarda, kuma rubutun ya kai ga masanan zamaninmu. Ba shi da kyamara, amma yana da alƙalami kuma ya sa kwanan wata.

7. Abin da za mu iya yi a nan

Ba mu da dogon dutse, amma muna da wata sa'a. Saboda muna kusa da tsakiyar duniya, muna ganin taurarin arewa da yawancin na kudu. Ku fuskanci arewa, ku miƙa hannu, ku dunƙula shi a kan layin da sama ta haɗu da ƙasa. Kaɗan sama da dunƙulen akwai tauraron arewa, wanda ba ya barin wurinsa, sauran suna kewaya shi. A watannin Afrilu da Mayu kuma, ƙasa-ƙasa ta kudu, akwai taurari huɗu masu siffar gicciye, waɗanda ɗalibin Faransa ba ya ganinsu daga ƙasarsu.

Ku zaɓi daren da babu farin wata, daga wajen 20 ga watan Musulunci zuwa 3 ga sabon wata. Ba sai an shiga daji ko an je bakin kogi ba. Bayan gida ko filin makaranta ya isa, tare da babba, kowa da takalmi saboda kunama da maciji. A kashe tocila. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duban fuskar salula sau ɗaya yana rushe wannan duka.

Idan malam ko wani yaya yana da salula mai tsarin ɗaukar hoton dare, a gwada. Kada a riƙe ta a hannu, domin hannu yana rawa. A kifa turmi a jingina ta da dutse, ko a kwantar da ita idon kyamarar yana kallon sama. A kashe walƙiyarta. A sa ta jira ƴan daƙiƙoƙi kafin ta ɗauka, a janye hannu, a bar ta ta tara haske na daƙiƙa 10 zuwa 20. In aka wuce haka da yawa, taurari za su fara jan layi. Garinmu bakin iyaka ne, saboda haka ba a ɗaukar hoto kusa da gada ko wurin ma'aikatan tsaro. Kuma har abada kada ku dubi rana kai tsaye, ko da ido ko da madubi, domin tana makantarwa.

Fitilun titi da na ƙofar gida abu ne mai kyau, da yawanku a ƙarƙashinsu kuke bitar karatu. Amma fitilar da take haska sama ɓarna take yi, ba wanda yake tafiya a can. In aka yi mata ƴar hula ta gwangwani, haskenta zai sauka ƙasa inda ake bukatarsa, taurari kuma su dawo.

Kalmomi

tauraro: étoile
tauraro mai wutsiya: comète
birnin taurari: galaxie
madubin hangen nesa: télescope
gidan nazarin taurari: observatoire
Kaza da ƴaƴanta: les Pléiades
hazo: brume sèche

Tambayoyi

1. A misalin yayyafi, mene ne tafin hannu, mene ne daro?
2. Me David Gill ya je nema, me kuma ya samu bayan haka?
3. Kawo dalilai uku da suke sa a gina gidan nazarin taurari a kan dutse.
4. Kakarka ta ga tauraro mai wutsiya ta tsorata. Me za ka faɗa mata, kuma da wane irin lafazi?

Aiki

Ka ƙirga ƴaƴan Kaza kana tsaye kusa da fitila. Ka koma wuri mai duhu, ka jira minti 20, ka sake ƙirgawa. Ka zana abin da ka gani a littafinka, ka rubuta kwanan wata da lokaci da sunan unguwarku. A ƙarƙashin zanen ka rubuta shekarar haihuwarka, ka ɗebe ta daga 2061. Shekara nawa za ka yi sa'ad da tauraron Halley zai dawo?